Gilashin Nutson Ilu

Ranar Laraba, gari bai gama wayewa ba, Ilu ya hau rufin benen da suke haya a unguwar Dengfeng don ya ɗauko kayan nutsonsa, sai ya tarar da igiya tana lilo ita kaɗai. Babu rigar roba, babu takalman iyo, babu jakar raga. Waɗannan duk da sauƙi, ana iya aronsu a wurin aiki. Abin da ya fi damunsa shi ne gilashin nutso da ke cikin jakar. Ilu tun yana firamare yake sa tabarau, kuma gilashin nan daidai ƙarfin idonsa aka yi masa shi, sai da ya jira sati uku kafin a kawo. In ya sa na wani ya shiga ruwa, ko agogon da ke nuna masa sauran iskarsa ba zai iya karantawa ba.

Ga shi kuma yau ce ranar. Ilu basarke ne, ɗan masunta daga Yauri, karatun kiwon kifi ya kawo shi Guangzhou, a nan ya koyi nutso da tukunyar iska a baya. Wata uku ke nan yana aikin gwaji a wani gidan kallon kifaye, yana shiga ƙaton tankin gilashi ya goge gansakuka, ya ba kifaye abinci da hannu, jama'a na kallo daga waje. Da ƙarfe huɗu na yammacin nan lawban, wato shugaban masu nutson, zai tsaya ya ga aikinsa a babban tanki mai kifayen shak, manyan nan masu haƙora. In ya ci, a ba shi aiki da takardar zama. In bai shiga ruwa ba, takardarsa za ta ƙare ƙarshen wata, shi da matarsa Lauratu su tattara nasu ya nasu su koma gida.

Ya buga wa lawban waya ya tambaya ko akwai irin gilashin a ajiye. Amsa ɗaya ya samu, wadda duk baƙon garin ya haddace: “Meyo.” Babu.

Kafin ƙarfe bakwai labari ya cika shagon abincin Hajiya Salamatou da ke ƙasan benen. Ƙofar gidan ba ta buɗuwa sai da kati, saboda haka kowa ya san ɓarawon na ciki ne. Mutanen da jiya suka ci tuwo a kwano ɗaya, yau kowa na shan shayi yana satar kallon ɗan uwansa ta saman kofi.

*

Mutum ɗaya ne bai kalli fuskar kowa ba. Baba Tankari ƙafafu yake kallo, kuma ba yau ya fara ba. Shekara talatin ya yi yana bin sawun ɓarayin raƙuma da shanu a dajin Dakoro, kafin gwiwa ta ce ta gaji. Da ya bar daji sai ya kama sana'ar da ta fi kusa da abin da ya sani, wato takalma. Sau biyu a shekara yake zuwa baje kolin Pazhou ya zaɓi kaya ya aika Maradi. Ana yi masa tsiya cewa in ka gaishe shi sai ya fara amsa wa takalminka.

Ilu ya zo ya durƙusa gabansa, idonsa ya yi ja.

“Baba, an ce kana bin sawu.”

“Da can, cikin rairayi,” in ji Tankari. “Garin ga duk siminti ne da tayil, ɗana. Ko giwa ta bi ba ta barin komi.”

Ya faɗa ne kawai, amma idonsa na kan daɓen shagon. Lokacin nan ne na shekara da garin Guangzhou ke gumi. Iska mai laima takan taso daga teku ta shiga gidaje, bango ya yi ta tsattsafo da ruwa, madubi ya rufe, tayil ya jiƙe kamar an yi masa yayyafi. Duk wanda ya shigo shagon ya bar sawunsa ɓaro-ɓaro. Tsohon ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa wanda ya daɗe bai motsa ba. Ya ajiye kofin.

“Wa ya hau sama bayanka?”

“Ba kowa.”

“To kar kowa ya hau. Hajiya, a riƙe mini su da shayi.”

Matakalar da ke tashi daga hawa na shida zuwa rufi ba kasafai ake binta ba, ƙura ta kwanta a kanta, gumin bango ya mai da ita laka mai laushi. Tankari ya tsaya a ƙasanta ya yi bismilla. Ya ga sawun kambas ɗin Ilu, hawa a natse, saukowa da gudu. A gefen bango kuma ga wani sawun, na silifas ɗin roba mai zanen ƙashin kifi a tafinsa, ya hau ya sauko. Ya bi shi a hankali yana dafa gwiwa. A tsakiyar matakalar, inda take juyawa, ya daɗe a tsugune, ya dubi ƙasa, ya dubi bango, har ya kai hancinsa kusa da wasu ɗige-ɗigen ruwa. Sannan ya shiga ɗakinsa ya kwaso murafen kwalayen takalma ya kife a kan sawun, yadda a daji yakan kife ƙwarya don kada iska ta share.

A hawa na shida sawun ya ɓace, don mai shara ta riga ta goge barandar. Ƙofa huɗu ce a wurin: tasa, ta Ilu, ta Harouna mai aika kaya, da ta Malam Mahamadou mai sayen yadi.

Abin da ya ba shi dariya, ya kuma ba shi haushi, shi ne ya san silifas ɗin. Samfur ne da wata masana'anta ta ba shi a Pazhou, ƙafa uku, duk lamba arba'in da huɗu. Da hannunsa ya raba su kyauta ga maƙwabtansa uku.

*

Ya fara da Harouna, don shi bakin mutane ya fi kamawa. Ɗan Yamai ne, aikinsa haɗa kayan 'yan kasuwa a kwantena, kuma yau ɗin nan zai yi lodi. Ya same shi cikin kwalaye har wuya, yana jan salatif.

“Baba, na san abin da ya kawo ka,” in ji Harouna tun kafin a zauna. “Eh, na tambayi Ilu kuɗin gilashin nan satin jiya. To sai me? Ni komi na gani sai na tambayi kuɗinsa. Ko kai na taɓa tambayar kuɗin sandarka.”

“Ka tambaya. Ka kuma ce ta yi tsada. Ina silifas ɗin da na ba ka?”

Harouna ya miƙo ƙafa. Tankari ya juya takalmin, ya ga dunduniyar dama ta cinye ta waje.

“Da asuba ina kake?”

“Masallacin ƙasa, sahun gaba. To, in na gaya maka gaskiya, sahun baya. Na makara.” Muryarsa ta sauka. “Baba, sana'ata amana ce. Mutane na ba ni kayan miliyoyi ba takarda. In aka ce Harouna ya ɗauki gilashin ruwa, gobe wa zai ba ni ko allura? Ka dubi Malam dai. Shi ne kullum yake cewa aikin yaron nan bai dace ba.”

Malam Mahamadou mutumin Maradi ne, yakan yini a kasuwar Baima yana taya yadi, shi ne kuma limamin ɗan masallacinsu. Bai musa ba.

“Na hwaɗi, kuma ina maimaitawa. Namiji mai iyali ya sa riga ta ɗame shi kamar fatar kwaɗo, mata da yara na kallo ta gilashi? Na yi mai nasiha sau uku. Amma nasiha daban, sata daban. In na hana shi abin da nake ganin makaruhi ne ta hanyar haramun, me na yi ke nan?”

“Silifas?”

“Ga su can bakin bayi. Alwala kawai nake yi da su.”

Tankari ya duba. Sun jiƙe, amma a garin da bango ke gumi jiƙa ba shaida ba ce. Ya sa Malam ya taka zuwa taga ya dawo. Mutum ne dogo, takunsa ɗaya ya kai biyun wani.

“Ka duba kwalayen Harouna,” in ji Malam yana gyara hula. “Ban ce shi ne ba, zato zunubi. Na dai ce a duba.”

Tankari ya fito yana girgiza kai. A daji ma haka ne, kowa ka tambaya sai ya nuna maka rugar maƙwabcinsa.

*

Ɗakin Ilu ɗan ƙarami ne, gado da kujera da akwatuna biyu. Silifas ɗinsa na bakin ƙofa, an jera su tsaf. Ilu na zaune a gefen gado ya haɗa kai da gwiwa. Lauratu ta durƙusa ta gaishe da tsohon, ta kawo masa ruwa, ta koma jikin labule. Wata bakwai ke nan da aka kawo ta daga Yauri, yarinya ce mai kunya, in tana magana sai ka matso.

“Da ka tahi masallaci da asuba, me ka sa a ƙafa?” in ji Tankari.

“Kambas, Baba. Tayil na da santsi.”

“Me ya sa kake shanya kayan a sama? Ga laima, ba bushewa za su yi ba.”

“Da a bayi nake rataye su. To kwanan nan ta ce ƙarnin kifin yana damunta, sai na mai da su sama.” Ya ɗan yi murmushin dole. “Ka ji fa, 'yar sarkawa da ƙyamar ƙarni. China ta ɓata ta.”

Lauratu ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

“Ɗiyata, kin taɓa zuwa kin ga aikin mai gidanki?”

“A'a, Baba.”

“Na yi na yi ta ƙi,” in ji Ilu. “Ko bidiyo na nuna mata sai ta kau da kai. Mahaifinta ruwa ne ya ci shi, tana 'yar shekara tara. Taru ya maƙale, ya nutsa ya kwance, bai fito ba. Allah ya jiƙansa, babu wanda ya kai shi iya ruwa a garinmu.”

“Amin,” in ji Tankari. Ya sha ruwan, ya miƙa mata kofin. Da ta zo karɓa ya dubi hannunta, sannan ya dubi ƙafarta, 'yar ƙarama mai jan lalle. Ya yi musu sallama.

A baranda ya tsaya ya jingina da bango, bai damu da jiƙewar rigarsa ba. Sau da yawa ya bi sawu ya kai ƙofar da ba ya so, amma bai taɓa jin tausayi irin na yau ba. Shi ma yana da 'ya kamarta a Dakoro.

Ya sauka kicin ɗin Hajiya Salamatou, ya same ta tana tuƙa tuwo. Mace ce da ta shekara goma sha biyar a unguwar, duk amaryar da aka kawo ita ce uwarta.

“Hajiya, yarinyar ga ta sama, me take ci kwanan nan?”

Muciya ta tsaya cak. Hajiya ta dube shi sama da ƙasa.

“Tankari, kai namiji ne. Ina ruwanka da abin da mata ke ci?”

“Tambaya ce.”

“Kunun tsamiya. Safe da yamma. Kuma ban ce maka komi ba.”

“Ni ma ban ji komi ba,” in ji shi.

*

Bayan sallar azahar aka taru a shagon, don magana ta fara zafi. Wasu sun ce a farke kwalayen Harouna, wasu sun ce a kira 'yan sanda, abin da duk baƙo ke gudu a garin mutane. Saura awa biyu da rabi Ilu ya shiga ruwa. Lauratu na kicin tana taya Hajiya, labule ne kawai tsakaninta da taron.

Tankari ya sa aka janye tebura. Ya ce Harouna da Malam da Ilu kowa ya sa silifas ɗinsa ya taka daga ƙofa zuwa bango. Suka taka, mutane na dariyar da ba ta kai ciki ba. Sawu uku suka kwanta a kan tayil mai gumi.

“Ku duba,” in ji shi yana nuni da sanda. “Harouna na cin dunduniya ta waje, kamar agwagwa. Malam in ya taka sai ka yi tafiya kafin ka iske taku na biyu. Ilu da yatsu yake tafiya, mutanen jirgin ruwa haka suke. Sawun da ke sama ba ko ɗaya cikin ukun nan. Takalmin dai irinsu ne, amma ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba. Bayansa na jan ƙasa.”

“To wane ne?” aka tambaya.

“Wanda ya ɗauki kayan ga ba don ya sayar ba ne, ba kuma don ƙiyayya ba. Ya kwance igiyar jaka a hankali, bai yanke ba. Ku tashi ku ba ni rabin awa, kaya za su dawo. Suna kuwa, ni ban zo da shi ba.”

Harouna ya miƙe.

“A'a, Baba. Tun safe ake kallona kamar kare ya ci nama. Mutum biyu sun kira sun ce in dakata da kayansu. In ba a faɗi suna ba, gobe za a ce Harouna ne ya mayar a ɓoye, tsoho ya rufa masa asiri. Ina da 'ya'ya huɗu a Yamai.”

Gaskiya ya faɗa, kuma Tankari ya san gaskiya ce. Sai labulen kicin ya motsa.

“Ni ce.”

Muryar ba ta fi ta sauro ba, amma kowa ya ji. Lauratu na tsaye, ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, hawaye na zuba.

“Ni na ɗauka. Suna cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa. Malam Harouna ka yafe mini, Malam ka yafe mini. Ban san abin zai kai haka ba.”

Ilu ya cire tabarau ya goge ya mayar, kamar laifin tabarau ne. Harouna ya zauna a hankali, duk fushin ya zube.

“Haba ƙanwata,” ya ce. “Wallahi da na san ke ce, da na ce ni ne.”

Hajiya Salamatou ta fito da muciya a hannu.

“To an ji. Shari'a ta ƙare. Duk wanda ba mijinta ba, ga ƙofa. Kai ma Malam, a yi mana addu'a daga waje.”

*

Ilu bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya tsaya ne kawai yana kallonta.

“Me na yi miki, Lauratu? Kin san abin da ranar nan take a wurinmu.”

Ta dubi Tankari, ta dubi Hajiya. Kuka ya ci ƙarfinta. Akwai maganar da 'yar Hausa ba ta iya faɗa da bakinta a karon farko, ko da wuƙa a wuya, balle a gaban manya.

“Taho, ɗana,” in ji Tankari. “In koya maka karatu.”

Ya ja shi har matakalar rufi, ya ɗaga murafen kwalayen ɗaya bayan ɗaya.

“Ga hawanta. Me ka gani?”

“Sawu biyu a kowace matakala.”

“Yawwa. Ɓarawo tsallake matakala yake, yana sauri. Wannan sai ta ɗora ƙafa, ta kawo ɗayar, ta tsaya, sannan ta ƙara. Tana jin tsoron santsi kamar mai ɗauke da ƙwai, alhali hannunta wofi ne lokacin. To ga saukowa. Ina ruwan jakar ya ɗiga?”

Ilu ya sunkuya. “Can gefe. Nesa da sawun.”

“Tsawon hannu guda. Ta riƙe jakar nesa da hancinta. Nan kuma ta tsaya, ƙafafu sun juya sun fuskanci bango.” Ya nuna shatin ɗan ƙaramin tafin hannu a jikin bangon mai gumi, yatsun sun zame ƙasa kaɗan. “Ta dafa, ta sunkuya, zuciyarta na tashi. Ɗiyar da aka haifa cikin kwandon kifi, yau ƙarni na tayar mata da zuciya, ba ta shan komi sai kunun tsamiya. Kai da ka yi karatu har China, sai na ƙarasa maka?”

Ilu ya daɗe yana kallon shatin hannun. Sai ya zauna daɓas a kan matakalar, cikin lakar, ya rufe fuska da tafukansa. Kafaɗunsa na rawa, Tankari bai san ko dariya yake ko kuka ba, wataƙila shi ma bai sani ba.

“Ni ban faɗi komi ba,” in ji tsohon. “Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sawu kawai na nuna maka.”

Da suka koma ɗaki, sun tarar ta fito da jakar ta ajiye a kan gado, Hajiya na zaune kusa da ita. Ilu ya durƙusa a gabanta, abin da bai taɓa yi ba. Ta kau da kai, ta yi magana tana kallon bango.

“Ranar da babana ya nutsa ina bakin kogi. Ina ta kallon ruwan, ba a ganin komai. Har magariba ina kallo. Jiya da ka ce yau za ka shiga wurin masu haƙoran nan, sai na ga kaina a bakin kogin, kuma ba ni kaɗai ba.” Ta share hawaye. “Ni na san yadda maraici yake. Ba na so wani ya sani.”

Ilu ya ɗauki jakar ya ajiye a ƙasa, ya ture ta da ƙafa.

“Shi ke nan. Ba zan shiga ba. Mu koma Yauri, ko kifi ne na kiwata a kududdufi. Wallahi ba zan shiga ba sai da yardarki.”

Da gaske yake, kowa a ɗakin ya gani. Shekara biyar na wahalarsa ce a cikin jakar nan, ya kuma ture ta bai ko kalle ta ba. Agogo ya nuna uku saura kwata.

Tankari ya gyara murya.

“Ɗiyata, ni ban san ruwa ba, a garinmu rijiya ma gaba arba'in ce. Ba zan ce miki babu haɗari ba, rai na hannun Allah ko a kan katifa. Amma kin ce a kogi ba a ganin komi. Wanga ruwa an ce bangonsa gilashi ne. Ki je ki gani da idonki sau ɗaya. In kin ce ya fito, ni da kaina zan buga gilashin da sandar ga har su kore mu.”

Lauratu ta yi dariya cikin hawaye ba ta shirya ba. Ta daɗe tana kallon jakar. Sannan ta sunkuya, ta toshe hanci da hijabi, ta zaro gilashin, ta goge shi da bakin zanenta, ta miƙa wa mijinta da hannu biyu.

Harouna ne ya kai su da motar lodinsa, ya bar kwantena tana jira. Malam Mahamadou ya ce shi rakiya kawai zai yi, ba kallo ba.

*

Tankari bai taɓa ganin ruwa a tsaye ba sai ran nan. Bango ne guda na gilashi, ya fi soron gidan sama tsawo, shuɗi, kifaye na wucewa garke-garke, wasu faffaɗa kamar faifai, wasu sun fi ɗan maraƙi. Yara 'yan China na ta ihu suna nuni. Lauratu ta ƙanƙame hannun Hajiya. Da wani shak ya gifta ta ja da baya, ta fara salati.

Ƙarfe huɗu daidai aka ga kumfa daga sama, sai ga mutum biyu suna saukowa a hankali. Na gaba Ilu ne, na baya wani ɗan China riƙe da doguwar sanda, ba ya komai sai tsaron bayansa.

“Kin ga ba shi kaɗai ba ne,” in ji Hajiya.

Ilu ya duba agogon iskarsa, ya yi wa na bayansa alama da yatsu, ya buɗe kwandon abinci. Kifaye suka yanyame shi kamar kajin gida sun ga mai tsaba. Shak ɗin ya zo, ya kewaya shi sau ɗaya, Ilu ya kauce masa ba gaggawa, ya wuce abinsa. Can gefe lawban na tsaye da allon rubutu yana gyaɗa kai. Malam Mahamadou, mai rakiya kawai, ya manne hancinsa da gilashi yana ta “Subhanallah, ikon Allah!”

Tankari ƙafafun Lauratu yake kallo. Ya ga sun daina ja da baya. Ya ga ta ɗaga ɗaya ta matsa, ta kawo ɗayar, ta tsaya, ta ƙara, har ta isa jikin gilashin. Ta saki hannun Hajiya ta dafa shi.

“Ina ganinsa,” ta ce, ba da kowa take ba. “Hajiya, ina ganinsa duka.”

Da ya gama aikinsa, Ilu ya juyo ya hango ta. Ya iyo har gabanta, kumfa na tashi a kansa. Kowa ya zaci zai ɗora tafinsa daidai nata. Sai ya sauke hannun ƙasa kaɗan, ya manna shi a gilashin daidai cikinta, ya kau da kai gefe don kunyar manya.

Lauratu ta ja hijabi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, amma ba ta matsa daga wurin ba. Harouna ya shiga duba wayarsa, Malam ya koma kallon wani kifi, Hajiya ta share ido da gefen mayafi. Tankari kuwa ya jingina sandarsa da bango, don ya ga yau ba za a buga gilashin kowa ba.